An Sace Manshanu.ng

Insifekta Turai Husaini tana ofishinta tana kurɓar shayin da ya riga ya huce, sai ta jiyo dariya daga wajen kantar karɓar ƙara. Ta san irin wannan dariyar. Ita ce wadda abokan aikinta ke yi idan mace ta kawo ƙarar da ba su gane kanta ba. Ta ajiye kofin ta fito.

Mata biyu ne a tsaye. Babbar tana sanye da atamfa da mayafi irin na ma'aikatan gwamnati, idanunta sun yi ja, tana riƙe da hannun ƙaramar. Ita kuwa ƙaramar ko ɗigon ƙwalla babu a idonta. Jakar kwamfuta na rataye a kafaɗarta, ta tsare Saja Bilal da ido kamar ita ce ta zo ɗaukar bayaninsa.

"Ranki ya daɗe, wai sata aka yi mata," in ji Saja, yana danne dariya. "Amma ba a fasa ƙofa ba, ba a haura katanga ba. Wai abin a iska yake."

"Albashinka ma ta iskar yake zuwa, Saja," in ji Turai. "Ku biyo ni."

Ƙaramar sunanta Na'ima, babbar kuma yayarta ce, Humaira, wadda ke aiki a wata ma'aikata. A Unguwar Rimi gidansu yake. Na'ima ce ta yi bayani, ba ta hanzari, ba ta kuma neman a tausaya mata. Ta ce kowane shafi a intanet yana da adireshi, waɗanda suka ƙare da .ng kuma na Najeriya ne, kamar yadda lambar mota ke ɗauke da sunan jiha. Suna ɗaya mai shi ɗaya ne. Wanda ya riga kowa yin rajista shi ke da shi, muddin yana sabuntawa duk shekara. Tun tana jami'a ta fara sayen gajerun kalmomin Hausa, saboda ta ga Turawa sun kwashe na .com tun tana goye, na gida kuwa yana nan a yashe.

"Kamar fili ne a bayan gari," in ji ta. "Ki saya da araha, ki yi ta biya, ki jira titi ya iso. Wani filin titi ba zai taɓa zuwa masa ba, na saki irinsu da yawa da hannuna. Biyu na taɓa sayarwa, ko kuɗin data ba su mayar ba. Wannan kuwa titi ya zo."

Wani kamfanin kayan madara na Legas ne ya nemi manshanu.ng, ya kuma taya shi a kan abin da zai sayi gida a Malali. Ana shirin ƙulla ciniki, ranar Asabar ta tashi ta tarar imel ɗinta ya ƙi buɗuwa, sunan kuma an mayar da shi hannun wani da ba ta sani ba. Kamfanin ba ruwansa da ko wane ne mai shi. Duk wanda ke riƙe da sunan a ƙarshen mako, shi za su biya.

Turai ta tambaye ta yadda aka shiga imel ɗin. Na'ima ta ce hanya ɗaya ce. Idan mutum ya ce ya manta kalmar sirri, ana tura lamba zuwa layin wayar da aka ɗaura da shi.

"Layinki yana ina?"

Na'ima ta girgiza kai. "Ba nawa ba ne. Na Baba ne. Ina sakandare na buɗe imel ɗin, lokacin ya hana mu riƙe waya, shi ne na sa lambarsa. Ban taɓa canjawa ba. Allah ya yi masa rasuwa, Umma ma ba ta fita takaba ba."

Humaira ta share hawaye ta ce ai wayar tana hannun yayansu Sharhabil, shi ya raba kayan marigayi. Ta ƙara da cewa a binciki Rilwanu, dillalin da ya kawo masu sayen, ita dai tun farko bai kwanta mata ba.

Kafin azahar Turai ta samu sa hannun Dipi'o, shugaban ofishinsu, ta nemi masu kula da rajistar sunayen su dakatar da duk wani motsi a kan wannan. Suka amsa cewa za su riƙe na ɗan lokaci, amma in ba hujja za su saki. Turai ta san ma'anar haka. Idan aka sayar, Na'ima za ta tsufa a harabar kotu.

Shagon Rilwanu yana saman bene ne a Kawo, tagarsa tana kallon tasha. Hayaniyar 'yan kamasho ta cika ɗakin, wannan na kiran Zariya, wancan na kiran Kano saura mutum ɗaya, har sai mutum ya ɗaga murya kafin a ji shi. Rilwanu ya tarbi Turai da Saja Bilal da lemo mai sanyi da fara'a mai yawa. Ya yi wa Turai doguwar lacca a kan sana'arsa, ya ce sunan .ng ba ya tsada kamar na .com, amma wanda yake gajere, kuma kowa ya san kalmar, ranar da mai buƙata ya zo ba shi da wani zaɓi. Ya yaba wa Na'ima da haƙuri, ya ce maza da yawa sun fara tare da ita sun watsar.

"Yaushe rabonka da wani daga gidansu?"

"Tun ta'aziyya, ranki ya daɗe."

"Ka kira ta da abin ya faru?"

"Ban so in ƙara mata damuwa ba."

Da suka sauko, Saja Bilal ya ce shi bai ga laifin mutumin ba. Turai ta ce ita ta ga abu ɗaya. Dillalin da la'adarsa ta tashi a banza ba ya zama yana raba lemo. Wannan bai yi kama da wanda ya yi asara ba.

Sharhabil suka samu a gidansa na Malali, ya dawo daga ofis ko hula bai cire ba. Tun kafin a zauna ya fara faɗa. Ya ce ya gaya wa Baba tun tuni yarinyar nan ta nemi aiki kamar kowa, ta ƙi, ta zauna tana sayen iska, samari suna zuwa tana korarsu da lissafi. Yanzu ga shi ta jawo musu 'yan sanda gida ana cikin makoki.

Turai ta bar shi ya gama. Wannan karatun ta haddace shi tun ranar da ta ce wa nata yayyen za ta shiga aikin ɗan sanda.

"Ina wayar marigayi?"

Ya ce ya haɗa ta da riguna ya ba limamin unguwa sadaka. Turai ta miƙe, ta ce to bari su ƙarasa wajen liman, ai ba nisa. Sharhabil ya sosa ƙeya. Ya shiga ciki, ya fito da wayar a hannu, an sa mata sabuwar riga mai furanni. Ya ce matarsa ce ta nuna tana so, shi kuma bai ga amfanin a faɗa wa Umma ba. Amma ya rantse babu sim a cikinta. Ranar sadakar uku da ya ɗauko ta daga ɗakin Umma, wurin sim ɗin a wofi ya same shi, ya ɗauka an cire ne don kada masu kira su yi ta tayar wa tsohuwa da hankali. Game da ranar Juma'a kuwa, a Abuja ya wuni wajen taron ofis, akwai mutum ashirin da za su shaida.

Ke nan an cire sim ɗin tun gidan yana cike da masu zaman makoki, kuma daga ɗakin da baƙo ba ya shiga.

Washegari da safe suka je Unguwar Rimi. Saja ya tsaya a mota, domin mai takaba ba ta ganin baƙin maza. Turai ta cire takalmi da hular aiki, ta yafa mayafi, ta yi sallama. Hajiya Safiya tana zaune a kan darduma da carbi a hannu. Turai ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata ta'aziyya, ba ta taɓo maganar da ta kawo ta ba sai da aka kawo ruwa ta sha.

Hajiya ta ce ba ta san komai a kan sim ba. Ita wannan sana'ar ta Na'ima ma ba ta gane ta ba, ta dai san yarinyar takan hana kanta ɗinkin salla don ta biya kuɗin wasu kalmomi, kuma marigayi yakan yi mata tsiya yana kiranta mai filayen sama.

"Mama, tun bayan rasuwar, an taɓa kiran layin nan?"

Tsohuwar ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce kada Turai ta yi mata dariya. Duk Juma'a idan an sauko daga masallaci, Alhaji yakan kira ta ya tambayi abin da zai taho da shi. Tun da ya rasu, idan lokacin ya yi, sai ta ga hannunta ya danna lambarsa. Ta san a kashe take. Takan saurari matar nan ta kamfani ta faɗi haka, sai ta ajiye. Ba wanda ta taɓa gaya wa.

"Wannan Juma'ar sai ta shiga," in ji ta. "Ta yi ƙara, aka ɗauka."

"Wa ya yi magana?"

"Ba a yi magana ba. Hayaniya kawai na ji, ana kiran Zariya, ana kiran Kano. Sai numfashin mutum."

"Kin gane numfashin, Mama?"

Hajiya Safiya ta mayar da idonta kan carbin. "Yarinya, ni tsohuwa ce, kunnena ba shi da kyau."

Turai ba ta matsa mata ba. Ta yi godiya ta fito.

A mota ta gaya wa Saja abin da ta ji. Shi hankalinsa ya tafi kan tashar, ya ce ai shi ke nan, Rilwanu ne. Turai ta ce shagon dai na Rilwanu ne, amma hannun da ya ɗauki wayar ba nasa ba ne. Ɓarawon da ke tsakiyar sata da layin mamaci, in kira ya shigo, kashewa zai yi da gudu. Wanda zai ɗauka sai wanda ya ga lambar, hannunsa ya riga tunaninsa, saboda tun da aka haife shi bai taɓa barin wannan kiran ya katse ba. 'Ya'yan Hajiya uku ne. Ɗaya aka yi wa satar, ɗaya yana Abuja.

Saja ya tayar da mota suka nufi Kawo.

Wannan karon ba a kawo lemo ba. Turai ta zauna a kujerar Rilwanu, ta bar shi a tsaye. Ta gaya masa an kunna layin marigayi a gefen tashar nan ranar Juma'a bayan masallaci, kamfanin waya kuma zai tabbatar da haka idan ta nema. Ta ce zaɓi biyu gare shi. Ko ya zama wanda ya taimaka wa mai laifi ya kuma taimaka wa hukuma, ko ya ɗauki kayan gaba ɗaya shi kaɗai.

Rilwanu ya yi ta rantsuwa, ya koma roƙo, daga ƙarshe ya zauna a ƙasa. Ya ce Anti Humaira ce ta zo da sim ɗin a cikin wata ƙaramar waya. Ta gaya masa Na'ima taurin kai gare ta, tana shirin ƙara farashi, za ta kori masu sayen kowa ya tashi a tutar babu. Ta ce 'yan gida sun yarda a karɓe abin daga hannunta a sayar. Shi kuma la'adarsa yake hange. Shi ya canja kalmar sirrin, shi ya mayar da sunan kan wani asusu da ya buɗe da sunan bogi.

"Muna cikin yi wayar ta yi ƙara," in ji shi. "Kafin in ce kada ki taɓa, ta kai kunne. Sai ta sandare a wurin. Ni na karɓa na kashe."

A gaban Turai ya buɗe asusun bogin. Saja ya ɗauki bayaninsa, aka tura wa masu rajista tare da hotunan abin da ke ciki. Kafin la'asar amsa ta zo cewa za a mayar da manshanu.ng ga mai shi ta asali.

Turai ba ta aika mota ma'aikatar su Humaira ba. Kiranta ta yi ta ce an samu ci gaba, su zo tare da ƙanwarta. Suka iso a keke napep, Sharhabil ya biyo su a motarsa. Humaira na shiga ofis ta ga Rilwanu a kan benci, sai ta ja ta tsaya.

"Zauna, Malama Humaira," in ji Turai. "Ranar Juma'a bayan masallaci kina ina?"

Ta ce tana kasuwa. Turai ta tambaye ta wace kasuwa, me ta saya, wa ta gani. Amsoshin suka fara cin karo da juna. Turai ta bar ta ta yi ta ɗinki har zaren ya ƙare, sannan ta ce a hankali, "Mahaifiyarki ta ji numfashinki. Ba ta faɗa mini ba, kuma ba za ta taɓa faɗa ba. Kina so in koma in sa mai takaba ta zaɓa tsakanin 'ya'yanta?"

Humaira ta buɗe jakarta, ta zaro sim ɗin daga cikin ƙyallen da ta naɗe shi, ta ajiye a kan tebur.

Ta ce da farko ba don sata ta cire shi ba, so ta yi ta riƙe wani abu na Baba. Sai da maganar kamfanin ta taso ta tuna Na'ima ta taɓa cewa lambarsa ce a kan imel ɗinta. Ba ta kalli kowa ba sai ƙanwarta.

"Duk abin da aka ce in yi na yi. Baba ya zaɓa mini kwas na karanta, ya nemo mini aiki na karɓa. Kullum ina layin keke da sassafe, ina gaishe da waɗanda ba su kai ni ba. Ke kuwa ba wanda kika taɓa saurara. An yi miki faɗa, an yi miki dariya, kin toshe kunne. Sai ga shi ke ce abin ya zo wa. Na kasa haɗiyewa, Na'ima."

"Da kika ɗauki wayar fa?" in ji Turai.

"Umma ce ta kira. Ban san lokacin da na ɗauka ba."

Na'ima ba ta yi kuka ba, amma Turai ta ga yadda ta damƙe igiyar jakarta. Da ta buɗe baki, muryarta a daidai take. "Anti, da kin ce ina so, da na ba ki. Ke kaɗai ce ba ki taɓa yi mini dariya a gabana ba. Amma kin riƙe hannuna kin kawo ni nan kina kuka."

Sharhabil ya matso ya rage murya. Ya ce tunda kayan sun dawo, a kashe maganar a gida, kada duniya ta ji. Ya ce Na'ima ta janye ƙara yanzu, umarni ne yake ba ta a matsayinsa na babba. Turai ta ce masa wannan ba teburin rabon gado ba ne, mai ƙara ce kawai za ta yi magana.

Wayar Na'ima ta yi ƙara a lokacin. Saƙo ne daga masu rajista. Ta karanta, ta juya fuskar wayar ta nuna wa Turai. Sunanta ya koma inda yake. Ta ce gobe za ta yi magana da mutanen Legas da bakinta, ba dillali a tsakani, kuma a farashin da ta ga dama.

Turai ta yi wa Kofur Hasana, 'yar sandan da ke tsaye a bakin ƙofa, alama. Kofur ta zo ta tsaya a gefen Humaira, ba ta fito da ankwa ba, ta dai ce mata ta taso. Saja ya tasa Rilwanu a gaba. Har sun kai bakin ƙofa Na'ima ta tambayi Insifekta me ake buƙata kafin a ba da beli.

Turai ta ce mutum mai adireshi a garin nan, wanda zai tsaya mata.

"Ni zan tsaya mata," in ji Na'ima. Ta juya ga yayanta. "Yaya Sharhabil, ka je ka gaya wa Umma 'yarta a gida za ta kwana. Amma ƙara tana nan, ban janye ba."

Humaira ta waiwayo ta dube ta, sannan ta gyara mayafinta ta bi bayan Kofur.